Kafin Ku Yanka Anko, Ku Ware Kuɗin Ɗan Jagora

Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiya ana shirin fita yawon buɗe ido ya san yadda lissafin yake tafiya. Kuɗin mota ne a sahun gaba, sai shinkafa da kaza da lemo, sai riga mai tambarin ƙungiya ko atamfar anko, sai ɗan abin da za a ba mai hoto. In wurin da za a je lambun nazarin tsirrai ne, da wuya ka ga an ware ko sisi saboda mutumin da zai zagaya da jama'a yana yi musu bayani. Ana isa sai a biya kuɗin ƙofa, a nemi inuwa mai kauri, a shimfiɗa tabarmi. La'asar na yi a tattara a hau mota. Ka tambayi mutum 40 sunan bishiyar da suka wuni a gindinta, sai ka ga an fara kallon-kallo.

A ganina an yi asarar man mota da asarar wuni. Cin shinkafa a inuwa ba laifi ba ne, amma akwai inuwa a bayan gari, ba sai an yi tafiyar awa uku ba. Ƙungiyar ɗalibai ce, ko ta matan unguwa, ko ta tsofaffin 'yan makaranta, in dai lambun tsirrai ta nufa, ladan ɗan jagora ne ya kamata ya fara shiga takarda, ko da anko zai sha ruwa.

Abin da ya raba lambun tsirrai da filin shaƙatawa shi ne rajista. A lambu na gaskiya kowace bishiya tana da lamba, lambar kuma tana kai ka ga shafi a littafi ko a kwamfuta: ina aka samo irin, wace shekara aka dasa, wa ya tantance sunan. Lambun Padua da ke Italiya, wanda aka kafa a 1545 kuma yake nan a inda yake har yau, an yi shi ne don ɗaliban likitanci su iya bambanta ganyen magani na ainihi da wanda ya yi kama da shi. Na Kew a Landan ya faro a 1759, kuma busassun samfuran tsirran da ke ajiye a can sun kai miliyan 7. Wato tun asali aji ne da ba shi da rufi, kuma ajin da babu malami kowa ya san abin da yara suke mayar da shi.

Ɗauki lambun Aburi a Ghana misali, tunda Hausawan Nima da Madina da sauran zangunan Accra suna hawa can lokacin hutu, kuma daga Madina mota ɗaya ce. An buɗe shi a 1890 a kan tsaunukan Akuapem, kimanin kilomita 30 daga Accra, kuma wanda ya fara kula da shi, William Crowther, daga Kew ya samu horo. Mai zuwa ba jagora zai ga dogayen itatuwan da suka yi sahu biyu a mashiga kamar dogarawa, ya ɗauki hoto a jikin tsohon jirgi mai saukar ungulu da ke ajiye a fili, ya sha iska mai sanyi. Shi ke nan. Zai wuce wata bishiya mai kogo wadda mutum yake iya shiga cikinta ya ɗaga kai, ya ce ikon Allah, ya yi gaba. Mai jagora kuwa za a gaya masa cewa kogon nan gurbin wata bishiyar ce. Kawo ne a da yake tsaye a wurin. Wani ɗan dangin ɓaure ya tsira a tsakanin rassansa, ya sako saiwoyi ƙasa, saiwoyin suka yi kauri suka manne da juna suka shaƙe kawon cikin kimanin shekara 30, gangar jikinsa ta ruɓe, ya bar wannan rami. Za a murtsuke masa ganyen kirfa ya shinshina. Za a nuna masa tsohon rimin da ya rage daga kurmin da aka sare kafin a yi lambun. Za kuma a gaya masa cewa daga nan aka riƙa raba wa manoma dashen koko ana koya musu renonsa, bayan Tetteh Quarshie ya kawo irin daga tsibirin Fernando Po a 1879 ya shuka a Mampong, nan kusa. Kuɗin ƙofa ɗaya mutanen biyu suka biya.

Ba sai an tsallaka iyaka ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana da lambun tsirrai a Samaru da ɗakin ajiyar busassun samfura, Jami'ar Ibadan tana da nata, a Kamaru akwai na Limbe da Jamusawa suka kafa a 1892. Kusan duk jami'ar da ke koyar da ilimin tsirrai tana da wani fili da ta keɓe, ko da ƙarami ne. Waɗannan na gida ma sun fi amfani ga ɗan Arewa, domin itatuwan da zai gani su ne waɗanda sunayensu ke bakinsa tun yana yaro ba tare da ya san fuskarsu ba.

To me ɗan jagora nagari yake yi? Ba ya karanto sunaye kamar mai kiran rajista. Zai tsayar da ku a gaban ceɗiya, ya tsinke ganye ɗaya, ya nuna farin ruwan da ke tsatsowa. Sai ya kai ku ga durumi, ga gamji, ga ɓaure, kowanne ya tsinke ganye, kowanne da farin ruwan nan. Sannan ya tambaya: wa ya taɓa ganin furen ɓaure? Babu, domin furen yana cikin ɗan. Ya fasa ɗanyen ɗa guda ya miƙa gilashin ƙara girma, ka ga ƙananan furanni jere a bangon ciki, wataƙila har da 'yan mitsi-mitsin ƙwarin da ke shiga ta ɗan ƙofar da ke kan ɗan su yi barbara. Bahaushe ya ba itatuwan nan suna huɗu saboda ganyensu da inuwarsu da amfaninsu sun bambanta, masana kuma sun tara su a gida ɗaya mai suna Ficus saboda haihuwarsu iri ɗaya ce. Dukansu suna da gaskiya, kuma cikin minti 10 yaro ɗan aji uku ya fahimci abin da ake nufi da dangin tsirrai fiye da yadda allo zai fahimtar da shi a zango guda.

Ko gawo. Duk itatuwa suna yin ganye da damina, shi kuwa lokacin ne yake kakkaɓe nasa ya tsaya tsirara, sai rani ya yi kore shar. Manomi ya san gero yana kyau a gindinsa. Ɗan jagora ne zai haɗa zaren: ganyen yana zuba daidai lokacin shuka ya zama taki, babu inuwar da za ta danne amfanin gona, dabbobi sun wuni a ƙarƙashinsa da rani suna cin 'ya'yansa suna barin kashi, saiwoyinsa kuma suna ɗauke da ƙwayoyin halittar da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska. Wanda ya ji wannan a gindin gawo zai gane dalilin da ya sa manoman Maraɗi da Damagaram suke barin tohonsa a gona suna yi masa aski maimakon su tumɓuke.

A nan ne nake da magana da masu lambunan kansu. Allunan da ke jikin itatuwa galibi sunan Latin ne kawai, wani lokaci da na Turanci. Akwai bishiyar da Bahaushe yake kira hano ko ararraɓi, mai ɓawo kamar takarda yana saɓulewa, mai ƙaro mai ƙamshi. A allo za ka ga Boswellia dalzielii. Kalma ta biyun sunan wani likita ne, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya zamanin Turawa, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a littafi a 1916. Ya yi aiki mai kyau, ba a raina masa. Amma daga bakin manoma da mafarauta da masu magani ya ji sunayen, ga shi yau sunansa ne a jikin bishiyar, nasu sunan babu. Ƙara kalma ɗaya a allo ba ya cin kuɗi. Kuma a rubuta fiye da ɗaya inda ya kamata, domin abin da Bakano yake kira darbejiya wani dogon yaro ya sani, wani maina, wani bedi. Sunan Latin ɗin ma a bar shi, yana da aikinsa: kalgo suna ɗaya ne a bakinmu amma jinsi biyu ne, kuma idan ɗalibi zai nemi abin da aka rubuta a kan bishiya a intanet, da sunan Latin zai same shi.

Shi ya sa jagorancin da ya fi armashi na mutum biyu ne: ma'aikacin lambu ko ɗalibin sashen tsirrai a gefe ɗaya, dattijon da ya girma a ƙauye a ɗaya gefen. Malam zai ce jemagu ne suke yi wa ɗorawa barbara da dare. Baba zai ce ƙwallon shi ne kalwa da ake daddawa, garin a sha, ɓawon kuma makuba ce da ake shafe katanga da daɓe. Malam zai ce giginya akwai mace akwai namiji, Baba ya ce ai shi ya sa ake zaɓen wadda za a tsaga azara, ya kuma faɗi yadda ake binne ƙwallon a samu muruci. Da ɗan gari akan ci gari. Sau da yawa ma dattijon yana nan cikin lambun, shi ne mai ban-ruwa ko mai gadi da ya shekara 20 a wurin, ba wanda ya taɓa tambayarsa komai.

Wani zai ce, mu da muke da daji me za mu yi da lambu? Da can wannan magana ce. Yanzu dajin da yawa ba ya shiguwa saboda rashin tsaro, wanda ake iya shiga kuma gatari da buhun gawayi sun riga mu. Madobiya an yi ta sararta ana lodi zuwa Sin har aka sa ta cikin jerin itatuwan da CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, ta taƙaita cinikinsu daga 2017, a taron 2022 kuma aka ƙara kawo da maɗaci. Kaɗanya tana ɗaukar shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, a sare ta cikin awa ɗaya. Yaron da aka haifa a Kurna ko Rimin Kebe ko Ɗorayi a Kano zai iya gama sakandare bai san cewa sunan unguwarsu daga bishiya ya fito ba. Lambu ne ya rage inda zai ga kanya da ɗinya da taura da kirya a tsaye cikin safiya ɗaya.

Sai yadda ake shirya tafiyar, domin a nan ne ake yawan yin tuntuɓe.

A rubuta wa shugaban lambun ko na sashen takarda mako biyu ko uku kafin ranar, a faɗi yawan mutane da shekarunsu da harshen da ake so a yi bayani da shi. Wannan na ƙarshe ana mantawa da shi, sai a je a haɗu da jagoran da ba ya jin Hausa alhali rabin tawagar iyaye mata ne da ba sa jin Turanci. Mutum biyu daga ƙungiya su je tun kafin ranar su taka hanyar tare da jagoran, su ga inda banɗaki yake da inda za a yi salla da inda ciyawa ta rufe turba, su kuma daidaita ladan a fili don kada ranar ta zama ta ciniki a gaban baƙi.

Jagora ɗaya kada ya wuce mutum 12 zuwa 15. Dalilin ba boyayye ba ne: turbar lambu mutum biyu take ɗauka a jere, mutum 40 layi ne mai tsawon mita 30, na baya ba ya jin komai, wanda ba ya ji kuma hira zai fara. In ku 45 ne ku nemi jagora uku, kowane rukuni ya fara daga wani ɓangare daban. A sa babba ɗaya a ƙarshen kowane layi, kada kowa ya zauna a bayansa.

A fara da ƙarfe 7:30 ko 8 na safe, a gama kafin 10:30. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa. Kuskuren jagora mai ƙwazo shi ne son nuna komai, ya ambaci suna 60, a tashi ba a riƙe ko biyar ba. Bishiya 10 zuwa 12, kowacce minti 6 zuwa 8, sauran lokacin tafiya ce da tambaya. A kowace tsayawa a taɓa ɓawo, a duba yadda ganye ya jeru a reshe, ko fuskantar juna suke ko bi-da-bi, a nemi ɗa ko fure a ƙasa. Abinci kuma bayan zagaye. In aka fara da cin shinkafa, to an gama.

Lokacin shekara ma yana da tasiri. Satumba da Oktoba komai yana da ganye, ƙananan tsirrai ba su bushe ba, shi ne lokacin koyon ganye. Amma itatuwan dajinmu da yawa da rani suke fure: gurjiya tana fitar da jan furenta da hunturu ba ganye ko ɗaya a jikinta, ɗorawa tana rataye jajayen ƙwallayenta wajen Fabrairu da Maris. Wanda ya je ganin kuka a watan Janairu rassa kawai zai gani da 'ya'ya suna lilo. Ku gaya wa jagoran abin da kuke so, shi zai faɗa muku watan.

Kayan aiki ba su da yawa. Kowa da littafi da fensir, da ruwan sha aƙalla lita ɗaya, da takalmi rufaffe. Kowane rukuni da tef ɗin tela da gilashin ƙara girma ɗaya ko biyu. Da tef ɗin a auna kewayen gangar bishiya a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wato wajen ƙirjin babba, a raba da 3.14 a samu kaurinta. Tsawo kuma a samu sanda mai tsayin hannunka daga kafaɗa zuwa yatsu, ka riƙe ta a tsaye da hannu a miƙe, ka yi ta ja da baya har kan sandar ya daidaita da ƙololuwar bishiyar, gindinta kuma da gindin bishiyar. Tazarar da ke tsakaninka da bishiyar ita ce tsawonta, ko kusa da haka, in dai ƙasar ba gangara ba ce. Yara suna rububin wannan aikin, manya ma haka, sai dai su yi kamar taya yaran suke.

Abubuwan da ke ɓata tafiya sanannu ne. Ƙudan zuma suna son kogon kuka da manyan itatuwa, turare mai ƙarfi da jifa da ihu suna tayar da su, saboda haka a tambayi jagora inda suke tun a ƙofa, a kuma san ko akwai wanda harbin zuma ke kumbura wa jiki. Kada a zura hannu a rami ko tarin busasshen ganye. Ruwan tumfafiya da na tinya in ya shiga ido sai an dangana da asibiti. Idon zakara, jajayen ƙwayoyin nan masu ɗigon baƙi da yara suke son tsinta, guba ne mai kisa in aka tauna. 'Ya'yan bini-da-zugu suna da ɗan garɗi kamar gyaɗa, yaro ya ci kaɗan sai amai da gudawa. Doka ɗaya ta wadatar, a faɗe ta kafin a shiga: ba a kai komai baki sai abin da jagora ya miƙo da hannunsa. Manhajojin waya masu gane tsiro daga hoto kuwa, a yi wasa da su amma kada a yi musu da jagora a kansu. Sun fi ƙwarewa a tsirran Turai da Amurka, domin hotunan can ne suka fi yawa a rumbunsu.

Matsala mafi wuya ita ce tambayar magani. Da an tsaya a gaban maɗaci ko marke wani zai ce, Malam, wannan maganin me yake yi, nawa ake sha? Jagora mai hankali zai faɗi abin da aka saba yi da shi a gargajiyance, ya tsaya nan, ba zai ba da awo ba. Na farko shi ba likita ba ne. Na biyu, in ya sake baki, mako mai zuwa wani zai dawo da adda. Abincin da ganye ya sarrafa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, ta wani siririn sashe da ke manne da katakon. In aka ɓare gefe ɗaya bishiya takan warke a hankali. In aka zagaye gangar gaba ɗaya, ko da faɗin tafin hannu ne, an yanke wa saiwa abinci, ganye zai ci gaba da kore na wasu watanni kamar ba komai, sannan bishiyar ta mutu a tsaye. Kuka ce take jure wannan ta mayar da ɓawonta, maɗaci ba ya jurewa. Waya ma tana yin wannan ɓarnar: allon da aka ɗaure da waya tamau a jikin ƙaramar bishiya, in aka manta da shi shekara uku, wayar za ta nutse cikin ɓawo ta shaƙe ta. A rataya shi sako-sako a reshe, ko a kafa shi a ƙasa.

Na san lambuna suna neman kuɗin shiga, kuma hayar fili ga masu biki da masu ɗaukar hoton aure ta fi kawo kuɗi nan take. Ba na ce a hana ba. A keɓe musu gefe, nesa da inda tarin itatuwan yake, domin tayar mota da ƙafafun ɗaruruwan mutane suna danƙare ƙasa har ruwa da iska su kasa isa ga saiwa. Sannan a sa wa zagaye da jagora farashi a rubuce a ƙofa, da Hausa, a horar da ɗalibai huɗu ko biyar na shekarar ƙarshe su riƙa yi ranakun Asabar ana ba su kasonsu. Ƙungiyoyi ba sa tambayar abin da ba su san ana sayarwa ba.

In lambun ya yarda a ɗauki ganye, sai da izini, reshe ɗaya ga rukuni guda, a shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da katako da bulo, a riƙa canza jaridar kullum har mako guda ko ya bushe, in ba haka ba fumfuna za ta cinye shi. A manna a kwali, a rubuta sunan Hausa da na Latin da wuri da kwanan wata. Sakataren ƙungiya ya ajiye awon kewayen itatuwan nan 10 da lambobinsu a littafin taro, domin in kun koma bayan wata shida, gawon da kuka bari tsirara ya yi ganye, za ku so ku san ko a kan bishiya ɗaya kuke magana.